Fon Da Iya Ta Ƙi Zubarwa

Shekara ashirin da biyu Iya tana kwashe fo a ɗakin yara masu ƙuna. Ni da nake nas a wurin ban taɓa ganin ta zubar da fitsari ba sai ta kai shi bakin taga ta duba. Muna ce mata likitar fitsari, ko a jikinta. Ɗanta na fari ya kama wayar lantarki yana shekara tara. Ƙunar ba ta fi kan yatsa ba, aka shafa magani aka sallame su. Kwana huɗu ƙodarsa ta tsaya, ya rasu a gida.

Wata safiya aka kawo wata yarinya da ta taɓa wayar lantarki garin shanya. Ciwonta kamar murfin kwalba, ɗaya a tafin hannu, ɗaya a diddige. A gadon kusa da ita akwai yaron da tafasasshen ruwa ya saɓule wa baya, yana ta ihu, duk muka koma kansa. Da azahar sabon likitanmu ya rubuta wa yarinyar sallama. Ni na karɓi takardar, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Uban ya riga ya ɗauko takalmanta, sai ga Iya ta dire fon yarinyar a kan teburin likita.

"Likita, duba nan."

"Iya, lafiyarki kuwa? Ɗauke min wannan!"

"Wallahi ba na ɗaukewa. Fitsari ne wannan ko baƙin shayi? Ruwan zafi ta waje yake ci, kowa na ganin ɓarnarsa. Lantarki ta ciki yake bi ya dafa nama, ƙoda ta kwashi dattin. Yarinyar nan ba inda za ta."

Shugabarmu ta taso a fusace, ta ce wa Iya ta tuna matsayinta in tana son aikinta.

"Matsayina fo ne, ranki ya daɗe, ga shi kuma na kawo. Ku kore ni, amma sai an duba."

Uban ya ce, "Baiwar Allah, ga ta nan tana wasa."

"Nawa ma wasa yake yi, Malam. Ajiye takalman nan."

Ya ajiye. Likita ya leƙa fon, fuskarsa ta canza. Aka ɗebi jinin yarinyar, aka ɗaura mata ruwa leda bayan leda, don ƙodar ta fara gazawa. Iya kuwa takardar gargaɗi aka ba ta, ta ninke ta cusa a aljihu ba ta ko buɗe ba.

Kwana biyar tana zarya tsakanin gadon nan da taga. Ran na shida na same ta tsaye da fon a hannu, fitsarin ya washe tas. Ta daɗe tana kallonsa.

Na ce, "Iya, kin yi nasara."

Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "Nawa ba wanda ya duba."

Ta je ta zubar, ta wanke fon, ta wuce gado na gaba.