Tuwo a Gindin Inji

Duk wanda ya zauna garinmu, nan gefen Gozaki, a shekarun da auduga ke da daraja, ya san dokar cin abinci da marigayi Sale Mai Inji. In ka tarar da shi da akushi a gaba zai ce maka bismilla, don ba a haife shi da rowar abinci ba. Amma kana wanke hannu sai ka ga ya yi zumbur ya miƙe, ya nufi injin niƙansa, ya murɗa hannun nan har ya kama. Tuf-tuf-tuf, ƙasa na rawa, hayaƙi na tashi, ko ƙwayar dawa babu a ciki. Sannan ya dawo ya zauna, ya yi maka nuni da hannu, wai ci. Haka za ku cinye tuwon nan kamar kurame, in kana son ƙarin miya sai ka nuna da yatsa.

Ni taubashinsa ne, mahaifiyarsa ƙanwar babana ce, saboda haka bawana ne halak malak, kuma ina da damar faɗin abin da wasu ke jin nauyi. Sale ba ya ƙaunar ƙarar tauna. Ba irin ƙin da ni da kai muke yi ba, mu yamutsa fuska mu wuce. Shi in ya ji ɓarus ɗin goro a bakin wani, ko zuƙar koko, ko tsotsar ɓargo, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe, gumi ya keto masa, idanun nan sun kaɗa. Mutumin da ke wuni a gindin injin da ke kurmantar da unguwa guda! Tsawa ba ta dame shi ba, gangar maroƙa ba ta dame shi ba, amma yaro ya gutsuri ƙuli-ƙuli a bayan danga, Sale ya ji.

Abin dariyar, mutum ne mai tsananin tattali. Takalminsa na tayar mota sai da ya ga auren 'ya'yansa biyu. Amma a kan baƙo guda mai cin ɗumame zai ƙone man gas bai ji komai ba. Na taɓa ce masa, "Kai bawana, man da kake ƙonawa a banza ai ya isa ka ƙara aure."

Ya ce, "In ƙaro wani bakin a gida? Allah Ya kiyaye!"

Mu tsararrakinsa kuwa ba ya ɓoye mana. Kana cikin tauna za ka ji ya ce, "Malam, rufe shagon nan, ba ciniki ake ba." Har yau a gidanmu in yaro yana ci baki buɗe, abin da uwarsa ke ce masa ke nan, ba ta ma san inda maganar ta samo asali ba.

Wata ranar kasuwa muka hau motar Funtuwa za mu sayo bel ɗin inji. Muka yi sa'a aka ba mu gidan gaba. Ba mu yi nisa ba wani Alhaji mai ƙiba da ke gefensa ya zaro sandar rake daga aljihun babbar riga. Na ce a raina, yau akwai kallo. Alhaji ya ɓantara, ya tauna, ya tsotse, ya furzar ta taga. Sale ya danne. Alhaji ya sake ɓantara, ya kuma miƙo masa saura, "Bismilla, Malam."

Sale ya buga ƙofa da ƙarfi. "Direba, tsaya! Don Allah tsaya!"

Direba ya taka burki, ya zaci fitsari ne. Sai ga mutumina ya zagaya ya haye bodi, ya kutsa tsakanin awakin da ake kaiwa kasuwa. Da muka isa na leƙa, na same shi zaune daram, wata tsohuwar akuya ta ɗora haɓa a kafaɗarsa tana ta tuƙa a saitin kunnensa.

Na ce, "Yo Sale, wannan fa? Ai ta fi Alhaji iya tauna."

Ya kakkaɓe rigarsa ya ce, "Ita dabba ce, ba ta da yadda za ta yi. Shi kuwa har Makka ya je."

Dangi sun yi ta neman magani, don wasu sun ce iska ce, wasu sun ce sammu. Aka taɓa kai shi wurin wani mai magani can wajen Musawa, ni na yi rakiya. Muka zauna, tsohon ya baza ƙasa a faifai zai duba. Kafin ya fara sai ya ɓare goro ya jefa a baki. Yana zane yana tauna, yana zane yana tauna. Sale ya miƙe ya fice da gudu har yana tuntuɓe da buta. Tsohon ya gyaɗa kai ya dube ni ya ce, "Ka gani ko? Aljanin ya gane ni." A hanya Sale ya ce mini aljanin da ke wurin ai shi ne mai jan baki.

Duk wannan dariya ce, amma akwai inda abin bai da daɗi. Sale da wansa, Yaya Mamman, gandu ɗaya suke tun rasuwar mahaifinsu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Kuma kun san Yaya Mamman, Allah Ya jiƙansa, in yana cin abinci har maƙwabta sun san miyar da aka yi. Kowace magariba za a kai akushi zaure, ya zauna yana jiran ƙanensa, Sale kuwa ya aiko a ce yana gyaran inji. Shekara da shekaru inji bai gama gyaruwa ba. Mu yana iya ce mana mu rufe shago, amma ina bakin da zai faɗa wa yayansa haka? Sai ya zaɓi a ce masa mai girman kai.

Wata kaka, bayan an gama ɗaure dawa, Yaya Mamman ya kira ni. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Isiya, ka gaya wa ɗan'uwanka, tunda ya yi inji ya fi ƙarfin sa hannu a akushi ɗaya da ni, to a raba gandun. Wanda ke ƙyamar hannuna, me zai yi da rumbuna? Kafin ruwa ya sauka kowa ya san gonarsa."

Da na isar da saƙon, Sale ya zauna a kan buhun dusa. Can ya ce, "Yaya ne fa ya goya ni. Wallahi na fi son a raba ni da hannun nan." Ranar ban tsokane shi ba.

Wani malamin asibiti ɗan garinmu, Malam Bitrus, shi ya ba mu shawarar mu je babban asibiti a Zariya. Likitan kunne ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya ce kunnen nan ya fi nasa lafiya, ya tura mu wani ɗaki a ƙarshen baranda. Sale ya tambayi wani mai shara ko ɗakin mene ne, aka ce na masu taɓin hankali. Ai sai ya ja tunga.

"Isiya, ashe haɗa baki aka yi da kai? Ni ne mahaukacin?"

Na ce, "Mutumin da ya bar kujerar gaba ya zauna da awaki? Shige mu je."

Likitar mace ce, 'yar Kudu amma haihuwar Funtuwa, Hausarta ta fi tawa. Ta saurare shi tsaf. Ta ɗauki kwanon sha ta sake shi a siminti, Sale ko gezau. Sai ta buɗe aljihun tebur ta ɗebo gyaɗa soyayya ta watsa a baki. Kafin ta tauna sau uku, bawan Allah ya riƙe kujera kamar za a cire masa haƙori. Ta tsaya ta ce ya faɗa mata abin da ya ji, kada ya rage komai.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, ki gafarce ni. Ji na yi kamar in kife teburin nan a kanki."

Ta yi dariya ta ce ba shi ne na farko ba. Ta ce ba hauka ba ne, ba iska ba ce, ba kuma mugun hali ba. Jikinsa ne ya ɗauki wannan 'yar ƙara tamkar maciji ya shigo ɗaki, sai ya zabura tun kafin hankali ya ce komai. Ba ta yi alkawarin zai rabu da abin ba, amma ta ce ana iya koya wa jiki ya rage zabura. Ta nuna masa yadda zai ja numfashi a hankali ya sassauta kafaɗu in abin ya taso, ya kuma tashi ya sha iska tun kafin ransa ya gama ɓaci, sannan ya dawo. Da ta ji labarin inji kuwa sai ta ce ai ya riga ya samo rabin maganin da kansa. Ya ci gaba da ci da mutane a gindinsa, amma duk bayan 'yan kwanaki ya ja tabarmar cin abincin baya kaɗan daga injin.

Sale ya ce, "Shi ke nan? Ba allura? Ko 'yar jar ƙwaya?"

Ta ce, "Akwai mai ɗaci guda. Ka je ka gaya wa yayanka gaskiya."

Ya ce, "Likita, a taimaka a yi mani allurar."

Sai da ya yi kwanaki yana kewaya zauren Yaya Mamman kafin ya shiga, ni ma da ƙyar ya yarda na zauna daga bakin ƙofa. Ya durƙusa, ya yi ta kame-kame, ya gaida Yaya ya fi a ƙirga, sannan ya runtse ido ya ce, "Yaya, ba hannunka nake gudu ba. Bakinka ne."

Na ce yau mun shiga uku. Yaya Mamman ya ƙura masa ido har ya gama bayanin likita, sannan ya ce, "Kana nufin duk shekarun nan da nake kwana da baƙin ciki, a kan tauna ne?"

"A kan tauna ne, Yaya."

"Kai amma an yi sakarai! Da ka faɗa ai da na koma shan kunu."

Sale ya ce, "Yaya, kunun ya fi muni."

Washegari da magariba sai ga Yaya Mamman, dattijo mai furfura, ɗauke da akushi da kansa ya nufi rumfar inji. Ya zauna cikin ƙurar gari ya daka tsawa, "To tada abin naka!" Unguwa ta fito kallo. Suka ci, Sale na ta jan numfashi kamar mai naƙuda, Yaya na ihu yana tambayarsa ko miyar ta ji gishiri. Daga nan tabarma ta fara tafiya. Ta bar rumfa, ta kai gindin dalbejiya, ta tsaya bakin rijiya ta daɗe. Wani lokaci ma baya take komawa, musamman ranar da aka yi miya da ƙashi. Mutanen gari suka mai da ita labari, in an haɗu a masallaci sai ka ji ana cewa, "Ina tabarmar Sale ta kwana?" Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ba wanda ya sake ta da maganar rabon gandu. Tabarmar ba ta shiga zaure ba sai da aka ci sabuwar masara.

Kada in yi muku ƙarya, Sale bai warke ba. Ya dai koyi zama da abin. Na tabbatar da haka shekarar da Yaya Mamman ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya kai cokali baki. Matan gida na nan, 'ya'ya na nan, amma Sale ya ce ba mai ba Yaya abinci sai shi. Kowace safiya zai jingina shi a ƙirjinsa, kan Yaya dab da kunnensa, ya riƙa ba shi koko a ludayi. Yaya na zuƙa da rabin baki, ƙarar ta ninka ta da. Ɗaki tsit, ba inji, ba komai. Na shiga wata rana na ga rigar Sale ta jiƙe sharkaf da gumi, amma ludayin bai tsaya ba.

Da muka fito na ce, "Bawana, ashe abin ya daina damunka?"

Ya share fuska ya ce, "Ina! Yana nan yadda ka san shi. Amma Isiya, muddin ina jin ƙarar nan, ai Yaya na nan."

Bayan an yi sadakar bakwai ɗin Yaya, na iske Sale a zaure shi kaɗai, akushi a gaba, tuwo ya sandare bai taɓa ba. Ya ɗago kai ya dube ni ya ce, "Zauna mu ci. Ka ci yadda ka ga dama, shirun nan ya yi mani yawa."

Allah Ya jiƙan Sale, Ya jiƙan Yaya Mamman. Yadda suka ƙi rabuwa a nan, Allah Ya haɗa su a gida ɗaya a Aljanna, Ya sanyaya wa bawana kunnensa da zuciyarsa. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu haƙuri da abin da ba mu gane ba a jikin 'yan'uwanmu. Amin.