Kusurwar Dama ta Ƙasa

A gyara tsayuwa, a cire hula! Ga sarkin fenti na unguwar Ate, mai baƙar takarda da kalar da ke kashe ido, wanda ya shekara arba'in yana ƙawata bangon birnin Lima hukuma ba ta taɓa ce masa sannu ba: Maestro Fulgencio Huamán. In ka taɓa leƙowa ta tagar bas ka ga sunan makaɗan rawar kumbiya da ruwan hoda da kore shar yana tsalle daga bango, to hannunsa ne. A ƙasan kowace fosta, kusurwar dama, yakan sa ƙananan haruffa biyu, F da T. T ɗin ta Teodora ce, matarsa, wadda ta riƙa dama masa fenti har shekarar da ta rasu.

Yanzu hannun ya ci amanarsa. Rawa yake yi, ko kofin shayi sai da hannu biyu. Masu ba shi aiki suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, saura Señor Cárdenas, manajan wasu makaɗa. Shi ma ran Litinin ya zo ya ce zamanin fosta ya wuce, shafin intanet yake so, samfuri guda da zai riƙa canza suna da ranar wasa a kai. In ya samu zuwa Juma'a, to. In babu, yaran kamfanonin kwamfuta na nan. Maestro ya san in wannan ya tafi, sai rufe shago.

Sai ga ɗan ƙanwarsa Wílmer, direban babur mai ƙafa uku, wanda ya yi wata bakwai a makarantar kwamfuta kafin su gaji da juna. Ya dire tsohuwar kwamfutarsa tsakanin gwangwanayen fenti ya hau wa'azi. Kala biyu sun isa. Salon rubutu ɗaya, in an matsa biyu. A bar fili fari ido ya huta. Kome aka yi a duba shi a waya, don a nan mutane za su gani.

"Fili fari?" in ji Maestro. "Bangon da ba rubutu ai na shagon da ya mutu ne."

"Kawu, wannan ba bango ba ne. Ba wanda zai wuce shi a guje cikin bas."

"Ji mai koya mini kala. Kai da aka kora daga makaranta."

"Ni na kore su, Kawu."

Kwana uku tsoho na fama. In ya kama linzamin kwamfutar, kibiyar da ke kan allon sai ta yi ta zillo kamar ƙuda, har Wílmer ya nuna masa yadda ake tura abu da maɓalli, taku ɗaya-ɗaya. Maɓalli bai san hannu na rawa ba. Maestro ya ja layi ya fito sambal, irin wanda rabonsa da ja shekara huɗu. Ya daɗe yana kallonsa.

Daga nan fa ba mai tsayar da shi. Ya shimfiɗa baƙi, ya zuba ruwan hoda, ya bi da ruwan ɗorawa da kore, bai bar wurin ajiye allura ba. A ƙarshe ya ɓata awa guda yana daidaita F da T a kusurwarsu. Ran nan ya cinye shinkafa da kazarsa tas, har ya nemi ƙari.

Wílmer ya buɗe shafin a waya. Haruffa sun hau kan juna, ranar wasa ta ɓace, hoton mawaƙin saura kunne ɗaya. Da ya nuna masa, tsoho ya ce mutane su sayi manyan wayoyi.

Da safiyar Juma'a Maestro ya fita sayen burodi. Wílmer ya zauna, ya san abin da Cárdenas zai ce in ya ga wannan. Ya kwashe baƙin, ya rage kala zuwa biyu, ya buɗe fili. F da T sun zauna daidai kan lambar wayar makaɗan, sai ya share su da niyyar ya sama musu wani wuri. Bai kai ga haka ba motar Cárdenas ta yi oda a ƙofa, ga Maestro a bayanta da ledar burodi.

Cárdenas ya ja shafin sama da ƙasa da ɗan yatsa, ya ce ashe Maestro ya waye. Ya karɓa, har ya yi alkawarin turo wasu makaɗan biyu.

Yana fita Wílmer ya haye kan gwangwanin fenti ya buɗe hannuwa.

"Jama'ar Ate, ku shaida, shago bai mutu ba. Kawu, ka zama injiniya da tsufanka. Faɗi wani abu mana."

Maestro ya ajiye burodin. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya ja shafin a hankali har ƙasa, ya tsaya a kusurwar dama. Fari fat. Ya goga babban yatsa a wurin, ko ƙura ce ta rufe. Sannan ya miƙa masa wayarsa.

"Ya yi kyau," ya ce. "Aikin wane ne?"