Babba Ya Raba, Ƙarami Ya Zaɓa

Duk sanda ƙamshin gasasshen dankali ya buge ni, shagon kakanmu na unguwar Darrasa nake tunawa. Ɗinkin littattafai ne sana'arsa. Karatu ya kawo shi Masar tun yana saurayi, bai sake komawa gida ba.

A shekarar da gari ya rikice, wani ɗalibin shari'a daga Giza ya kawo littafin dokokin Rumawan da can don a yi masa bango, bai dawo karɓa ba. Kaka ya karance shi tas, ya fito mana da doka guda: in za a yi rabo tsakanin 'yan'uwa, babba ya raba, ƙarami ya zaɓa. Wai mutanen nan sun san ba kirki ke sa ɗan Adam adalci ba, tsoron a bar masa guntu ne.

Ni ne babba, don haka a kaina dokar ta ƙare. In sanyi ya shigo, Kaka zai sayo dankali ɗaya daga mai kura, ya miƙo mini wuƙa. In yi ta aunawa yana ƙona mini yatsu, ƙanena kuwa yana zaune kamar alƙali, ya ɗauke ɓangaren da ya fi zuma. Wallahi na ji haushin yaron nan. Ga shi shi Kaka ke yi wa dariya, ni kuwa da nake riƙe masa zare ina karanta masa shafukan da idonsa ya gaza, sai “tamam” kawai, wato ya yi daidai.

Da idon ya ƙare gaba ɗaya, ya rufe shago, ya tara kayansa a tabarma.

“Yalla, maza, babban yaya, raba.”

Littafin dokokin nan nake so, ba komai ba. Sai na yi dabara. Na tara rediyo da agogo da sabuwar jallabiya gefe guda, na ajiye littafin da tsohuwar basilla a ɗaya gefen. Wane yaro ne zai ƙi rediyo?

Ƙanena ya dubi tulin, ya dubi inda idona ke komawa, ya sa hannu ya ɗauki littafin.

Na ce ba a yi daidai ba. Kaka ya juyo inda muryata take.

“Wa ya raba, jikana?”

Na sunkuya na ɗauki rediyon.

Yanzu Kaka ya rasu, shagon ya zama na kayan waya. Littafin yana ɗakin ƙanena a saman firji, na tabbata bai taɓa wuce shafin farko ba. Ya sha ce mini in ɗauka in ina so, ni kuma na ƙi. Ba daga hannunsa na so karɓa ba. Da na yi rabon gaskiya na bar sa'a ta yi aikinta, wataƙila da yana hannuna. Rediyon ko shekara bai yi ba ya mutu, kuma har yau ban jefar da shi ba.