Dogo Na Huɗu

Ranar Litinin, 7 ga Yuni, 1982, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe na fara ganin Shekari. A lokacin ni ne akawun ofishin ma'aikata na wata masaƙa a Kakuri, kuma aikina ne in buɗe wa kowane sabon ma'aikaci kati. Masaƙar da yake aiki a da ta rufe sashe guda, tamu ta ɗauke shi makanikin injin saƙa. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo ƙofar ofishina.

"Suna?"

"Shekari."

"Sunan uba?"

Ya faɗa, ban kama ba. Na ce ya sake, ya sake. Farkon na ji kamar "kan", sauran ya ƙi zama a bakin alƙalamina. Mutum goma sha huɗu ne a layi bayansa, ruwan sama na dukansu. Na dube shi tun daga ƙafa har kai, na rubuta Shekari Dogo, na juya masa katin. Ya karanta, sannan ya sa hannu. Mai neman aiki ba ya gardama da akawu. Lambarsa 2217.

Sunan ubansa Kantyok. Sai da na shekara huɗu da saninsa kafin harshena ya kusa iya juya shi.

Mutumin kudancin Zariya ne, yana da shekara arba'in da huɗu lokacin da ya zo mana. A Unguwar Boro yake zaune da matarsa Celina, mai sayar da doya a Sabon Tasha, da 'ya'yansu biyar. Ƙarar injuna ta ci masa kunne, saboda haka ko gaisuwa zai yi sai ka zaci faɗa ne. Abin da ya haɗa mu shi ne bencin Hauwa mai tuwo a bakin get, inda nake cin abincin rana. Shi ya gyara mini kekena sau biyu bai karɓi komai ba. Yakan ce da ni Akawu mai yankan suna, ni kuma in ce masa falwaya.

Wata rana cikin watan Nuwamba na 1985 ya ture kwanonsa gefe, ya ce, "Akawu, ka iya karanta rubutun nan naku mai tafiya da baya?"

"Ajami? Shi na fara koya kafin naku mai tafiya da gaba."

"To, ina da aiki gare ka. Ubana nake nema."

Ga abin da ya faɗa mini, kamar yadda na rubuta shi a littafina da na koma ofis. A 1946 mutanen ƙauyensu da na maƙwabta suka ƙi biyan haraji, suka ƙi fita aikin tilas. Kantyok ne mai busa ƙahon da ke tara jama'a. Da 'yan doka suka zo, sun zo da wani mutum an rufe masa kai da buhu, yana nuna musu gidaje da yatsa. Suka kama mutum goma sha biyu daga ƙauyen, har da Kantyok, suka ɗaure su igiya ɗaya zuwa gidan yari a birni. Shekari na da shekara takwas, yana tsaye a bakin rumbu aka wuce da su.

Tara suka dawo. Biyu suka mutu a can, aka kuma aiko da labarin mutuwarsu. Kantyok kuwa shiru. Waɗanda suka dawo suka ce tun a watan farko aka fitar da shi daga ɗakinsu, ba su ƙara ganinsa ba. Daga baya wani ya ce ya hango mai kama da shi a wajen haƙar kuza a ƙasar Jos. Mutane suka ɗora wannan a kan wancan: tabbas da bakinsa a cikin nunin, kamun nasa na ganin ido ne, an sake shi a ɓoye, kunya ta hana shi komawa gida. Tun daga nan ake kiran Shekari ɗan mai nuni. Da wannan sunan ya yi makaranta. Da shi aka hana shi yarinyar da ya fara nema. Shi ya sa ya bar gida yana da shekara goma sha tara, kuma bai taɓa kwana uku a jere a can ba tun daga lokacin.

Yanzu ƙungiyar 'yan ƙauyensu mazauna Kaduna ta yanke za ta kafa dutse a filin makarantar ƙauye a Disambar 1986, cika shekara arba'in, a sassaƙa sunayen waɗanda aka kama. Sun rubuta goma sha ɗaya, babu Kantyok.

"Ciyaman ya ce in kawo takarda," in ji Shekari. "Na je ofishin da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, a ƙetaren gada. Sun kawo mini littafin gidan yari. Na buɗe, sai na ga kamar kaji sun yi tono."

Muka fara zuwa tare. Ba a buɗe wurin Asabar da Lahadi, don haka sai mun ɗauki hutun rana guda, shi daga sashensa, ni daga nawa. Daga Disamba zuwa Yuli mun je sau shida. Ma'aikatan wurin sun yi mana ƙoƙari. Nakan zauna in bi layi da kan fensir ina karantawa a hankali, shi kuma ya tanƙwaso kunnensa mai ɗan sauran ji kusa da bakina. Mutum arba'in da uku aka shigar daga gundumarsu a wannan kamun, ba a rubuta ƙauyen kowa ba. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya, na koma na sake. Babu Kantyok. Muka duba littattafan shekarar da ta biyo baya, muka duba jerin waɗanda aka saka. Babu.

A zuwa na shida, muna dawowa a bas, mun hau gada, ya ce, "Wataƙila gaskiyarsu ce, Akawu. Wanda ba a rubuta ba, ba a ɗaure shi ba."

Cikin Yulin nan mahaifiyarsa ta rasu a ƙauye. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yarda da maganar Jos ba. Ya je jana'iza, ya dawo bayan kwana biyu.

Farkon Agusta aka umarce ni in tsara katunan sashen gyaran injuna. Na zo kan kati mai lamba 2217, na ga rubutuna: Shekari Dogo. Na daɗe riƙe da shi. In ni da na yi makarantar boko, da alƙalami mai kyau da kujera, na kasa rubuta sunan nan saboda mutum goma sha huɗu na jira, ina ga malamin gidan yari da aka jero wa mutum arba'in da uku a igiya? Da wane baƙi ma zai rubuta shi a ajami? Wata takwas muna neman sunan da ba mai rubuta shi.

Na sami Shekari a bencin Hauwa. "Ubanka dogo ne?"

"Ya fi ni."

"Yana da wata alama a jiki? Tabo, ko guntun yatsa?"

"Kunnensa na hagu a tsage yake. Kibiyar abokinsa ce ta kuskure a farauta. Ina yaro nakan sa yatsa a wurin, ya buge mini hannu."

Duk littafin rajista yana da gurbin alamun jiki a can gefe. Ban taɓa karanta masa wannan gurbin ba, don suna muke nema.

Ranar Alhamis, 21 ga Agusta, 1986, muka koma. Cikin arba'in da ukun nan akwai Baƙo biyar, Gajere biyu, Dogo huɗu. Dogo na farko mai ido ɗaya. Na biyu da na uku, babu alama. A gaban na huɗu an rubuta: kunnen hagu a tsage. Ƙasa da shi, da wata tawada dabam: an ware shi, shi ne mai tara su. Ƙasa kuma: ya mutu da ciwon atini, damina, 1947.

Na karanta masa. Ya ce in ƙara murya, bai ji ba. Na ƙara. Ya ɗora yatsansa a kan layin, amma a ƙarshen da bai dace ba, don ya manta rubutun daga dama yake farawa. Na matsar masa da yatsan. Bai yi kuka ba. Ya ce, "Wata ɗaya kawai. Da tsohuwa ta jira wata ɗaya."

Na kwafe layin da ajami, na juya shi da boko, aka buga mana hatimi.

Kwamitin ƙungiyar ya zauna ranar Lahadi, 12 ga Oktoba, bayan an tashi daga coci, a wani aji na makarantar firamare a Unguwar Boro. An gayyace ni a matsayin wanda ya karanta. Ciyaman ɗin, Malam Filibus, tsohon hedimasta ne da ke zaune a Barnawa. Mutum ne mai tsari, kuma ban ga mugunta a tare da shi ba. Ya sa tabarau ya karanta takardata har sau biyu.

"Malam Akawu, mun gode da wahala. Amma nan Dogo na gani."

"Shi ne, ranka ya daɗe. Haka ake yi. Wanda aka kasa rubuta sunansa, sai a ba shi wani. Ni ma na yi."

Wani daga baya ya ce, "Dogo ai ko a gidanmu akwai biyu!" Aka yi dariya.

"Akwai mai tsagaggen kunne a gidanku?" Shekari ya tambaya da muryarsa ta masaƙa. Dariyar ta tsaya.

"Zauna, ɗan'uwa," in ji Malam Filibus. "Ƙauye shida aka kama. Kowane ƙauye da mai ƙahonsa. Wa zai shaida mana kunnen?"

"Ni."

"Kai ɗansa ne, kuma kana da shekara takwas. Mamanka ta tafi. Taran da suka dawo duk sun tafi. A tambayi tsofaffi a gida."

Aka aika. Tsofaffi biyu suka rage da suka san Kantyok da girmansu. Ɗaya ya ce bai tuna ba. Ɗayan ya ce lalle akwai tsaga, amma shi a ganinsa kunnen dama ne.

A zama na biyu, cikin Nuwamba, Malam Filibus ya kawo abin da ya kira sulhu. Za a ƙara layi na goma sha biyu a dutsen, a rubuta Dogo, kamar yadda yake a littafi. Wanda ya yarda Kantyok ne, ya ɗauka haka. Wanda bai yarda ba, ba a tilasta masa ba. Mutane da yawa suka ga hakan ya yi. Ni kaina na raɗa wa Shekari ya karɓa, don rabin abu ya fi babu.

Ya miƙe har kansa ya kusa taɓa silin. "Wanda ya ɗaure shi ne ya sa masa wannan sunan. Ku kuma ku sassaƙa shi a dutse, a garinsu, a gaban jikokinsa? Ku bar wurin babu komai."

"Shekari, ka yi tunani," in ji Malam Filibus.

"Shekara arba'in ina yi, Malam."

Ya ɗauki takardarsa ya ninke, muka fito. Muka taka zuwa bakin titi. Da bas ɗina ya tsaya sai ya riƙe mini hannu.

"Akawu, nawa fa?"

"Naka me?"

"Katina."

Washegari da safe na ciro kati mai lamba 2217. Na ja layi ɗaya a kan Dogo, yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na aika aka kira shi daga ɗakin injuna. Ya tsaya a kaina, hannuwansa duk baƙin mai, yana faɗa mini baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Na sa kwanan wata a gefe, na sa hannu, shi ma ya sa.

"Yanzu faɗe shi in ji."

Na faɗa.

"Ka kusa," in ji shi, ya koma bakin aikinsa.

An buɗe dutsen ranar 27 ga Disamba, 1986, da sunaye goma sha ɗaya. Shekari bai je ba. Celina ta je da babbar 'yarsu, ta ce mini an bar fili kamar faɗin tafin hannu a ƙasan suna na ƙarshe, ba ta san ko da gangan ba ne ko kuwa haka dutsen ya zo.

A watan Afrilu na 1987 masaƙarmu ta rage ma'aikata ɗari uku da goma, har da shi. Ni na buga takardar sallamarsa, da sunan Shekari Kantyok. Ya koma gyaran kekunan ɗinki a wata rumfa a Sabon Tasha. Ya daina zuwa taron ƙungiya. Tarin da ƙurar auduga ta bar masa ya yi ta ƙaruwa, ya rasu ranar 3 ga Mayu, 1989, yana da shekara hamsin da ɗaya. An kai shi ƙauye aka binne kusa da mahaifiyarsa. Celina ta sa an rubuta sunansa da na ubansa cikakke a kan gicciyen kabarin. Takardar mai hatimi tana hannunta, kwafi ɗaya kuma yana cikin fayil ɗina. Sunan Kantyok bai hau dutsen ba har yau da nake wannan rubutu.