Baba Turnabis da sunan Sani

Ku da kuka zauna a unguwar Gataa El Oued ta Tamanrasset kun san Baba Idi Turnabis da hanci yake tarbar baƙo. Ka yi sallama, bakinsa na amsawa, hannunsa ya riga ya fizge abin da kake riƙe da shi ya kai hanci. Rediyo ne, tocila ce, waya ce, sai ya shinshina. "Wannan ta sha ruwa." Ko kuma, "Wannan wani jahili ya riga ni buɗe ta." Amma abin da ya fi ƙauna a duniya tsofaffin 'yan na'urorin wasan nan ne na hannu, masu kaset. Kuma wallahi bai taɓa buga wasan ko sau ɗaya ba! Yakan ce, "Ni cikin nake so. Wajen na marasa aikin yi ne."

Abin da ya kai ni teburinsa, na'urar ƙanena Sani ce. Mu biyu gini muke yi, amma shi in mun tashi daga shantiye, wurin ginin, sai ya duƙufa kan wasan jera tubali. Ranar da ya hau mota zuwa arewa ya bar min ita, ya ce in ajiye masa. Daga nan wayarsa ta yi shiru, har yau. In ka kunna, sunansa ne a saman jerin gwanaye: SANI. Kowace safiya nakan kunna, in gan shi, in kashe.

Baba ya shinshina kaset ɗin, ya kwance kusoshinsa da turnabis ɗin da ba ya rabo da bayan kunnensa, ya nuna min wata 'yar pil, wato batir, kamar maɓallin riga.

"Haruna, ita ke riƙe da sunan, kuma ta tsufa. Ranar da ta mutu, sunan ya tafi. In na cire ta don in sa sabuwa, nan ma ya tafi."

"To yaya za a yi, Baba?"

"Akwai dabara, ban iya ba tukuna. Ba zan koya a kan ɗan'uwanka ba. A kan na wasu zan koya."

Na zaci wasa yake. Ashe!

Wanda ya fara shan kashi Alhaji Mutari mai butik ne, shagon kayan masarufi. Shekara uku bawan Allah yana ɓoye na'ura a bayan buhunan shinkafa, yana fama da wani wasan sarauta, saura ƙiris ya kai ƙarshe. Ya kawo don a share masa ƙura kawai, Baba ya gwada cire pil ɗin. Da ya dawo ya kunna, sai ga shi a bakin ƙofar farko, ko takobi babu.

"Malam Idi! Ina garuruwana? Ina dokina?"

Baba ko ɗagowa bai yi ba. "Alhaji, da girmanka! Na ba ka damar sake yarinta, maimakon godiya kana min ihu?"

Sai wani mai lambu daga Abalessa, ya zo da kwandon dabino da na'urar da maɓallinta ɗaya ya maƙale. A kansa dabarar ta kusa ci. Baba ya ga makin mutumin bai goge ba, ya yi tsalle yana "Na samu! Na samu!", gwiwar hannunsa ta fizge waya, komai ya tafi. Don ya rufe kunya, sai ya ciro lasifikar wani mataccen rediyo, ya sa ta cikin gwangwanin sardin, ya liƙa a bayan na'urar. Kun san Baba ba ya yar da komai, ko guntun waya ya gani a titi sai ya duƙa.

Mutumin ya ce, "Baba, makina fa?"

"Maki ya tafi, amma saurari murya!"

Dabinon kuwa Baba ya riga ya cinye rabi.

Ni dai dariyar ba ta kai min ciki. Shekara ta zagayo, kullum na kunna ina tsoron in tarar sunan ya tafi. Ran nan na hasala na ce zan kai wa wani Balarabe mai shago a cikin gari, mai kayan aiki na zamani.

"Kai masa mana. Minti biyu zai canza maka pil, ya miƙo maka kaset fes, kamar ba a taɓa haihuwar Sani ba."

Na koma na zauna.

Wata Juma'a da hantsi ya aiko a kira ni. Ya kori kowa daga rumfar, ya yi alwala, ya yi bismilla. Ya fara liƙa wata pil ta aro da siraran wayoyi biyu don ta riƙe wutar, sannan ya ɗaga tsohuwar a hankali. A nan na lura tsufa ya kama shi. Ya ce, "Riƙe wayar nan. In ka yi atishawa, ba ni ba kai." Na riƙe har yatsuna suka ƙage. Ya sa sabuwar pil, ya ɗiga dalma, ya hura, ya rufe, ya miƙo min. Na kasa kunnawa, shi ya kunna.

SANI.

Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Baba ya janye na'urar da sauri. "Kai, matsa can! Hawaye gishiri ne, yana cin dalma." Amma na ga shi ma yana goge ido da hularsa, wai hayaƙi ne.

Da na tashi tafiya ya riƙe min riga. "Wannan pil za ta yi shekara goma sha biyar. Ni ba zan yi ba. Zauna." Wata biyu yana sa ni maimaita aikin a kan matattun kaset, yana zagina, ina ƙone yatsu, har ranar da ya ce, "To, ba laifi." Daga bakin Baba, wannan lambar yabo ce.

Bara ya kwanta 'yan kwanaki, muka kai shi makwancinsa nan Tamanrasset, nesa da Damagaram ɗinsa. Ina kewarsa ƙwarai.

Ya Allah, bawanka Idi ya ƙi yarda sunan ƙanena ya goge. Kada Ka goge nasa daga cikin waɗanda Ka yi wa rahama. Sani kuma, in yana raye Ka dawo mana da shi. In ya riga mu, Ka haɗa su a Aljanna, ya yi wa Baba godiya da bakinsa. Amin.