Sarewar da Ban Bari a Ajiye Ba

Injinan haɗa sauti biyu ne, irin waɗanda ake dannawa kamar fiyano, a ƙaramin ɗakina na Lugbe, kuma har yau haushinsu nake ji, duk da na san ba su ne masu laifin ba.

Tsohon shi ne analog, wato ba kwamfuta a cikinsa. Na hannu na saye shi, shekarar da na kama aiki a ma'aikata. Gefensa katako, nauyinsa kamar buhun siminti. Murya ɗaya yake fitarwa a lokaci guda. In ka kunna shi sai ka je ka sha shayi ka dawo kafin muryarsa ta daidaita, in zafi ya matsa kuma ta fara karkacewa. Sannan ba ya ajiya. Duk sautin da ka haɗa yana nan ne a inda ka tsayar da maɓallan murɗawa. Ka goce da guda ɗaya, shi ke nan ya tafi.

Sabon kuwa tsaraba ce ƙanena ya kawo mini. Dijital ne, an ƙera shi ne don ya kwaikwayi irin tsohon, kwamfuta ce a ciki take lissafa sautin. Kana kunnawa ya tashi, ka danna muryoyi da yawa tare ya amsa, ka haɗa sauti ka ajiye, baɗi ka same shi yadda ka bar shi. Ni dai furen roba nake ce masa. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha lacca a kan yadda tsohon yake numfashi, sabon kuwa gawa ce da aka yi wa kwalliya. Lallai na yi surutu a shekarun nan.

A wani shagon kayan lantarki a Utako na haɗu da wani dattijo. Mutumin Sheda ne, ya yi ritaya daga aikin gyaran na'urori ya koma noman doya, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa fiyano a cocinsu. Ya ji ina cika wa mai shago baki a kan injina, ya ce yana son ya gani. Daga nan ya zama duk Asabar sai ya hau mota ya zo, wani lokaci da doya biyu a buhu. Baba nake ce masa, shi kuma ya kafe a kan oga, duk da ya haife ni.

Wata Asabar bayan azahar ya zauna gaban tsohon injin yana murɗe-murɗe, ya fi awa. Can sai wani sauti ya fito, siriri, da 'yar shaƙewa a farkonsa da rawa kaɗan a ƙarshe, kamar mai hurawa ya kusa ƙarar da iskarsa. Ya ɗauke hannu.

"Oga, ka ji shi?" ya ce. "Sarewan babana ke nan. Haka yana hura in ana yin kunyan doya."

Ya sake dannawa. Idonsa ya kawo ruwa, na juya ina gyara wayar lantarkin da ba abin da ya same ta.

Da ya natsu sai ya nuna sabon injin. "Mu yi sebin a wancan, ya ajiye mana shi. Zan zauna da su biyu, ina ji ina gyarawa, zai zo kusa."

"Kusa?" na ce. "Haba Baba! Sarewar mahaifinka za ka kai cikin roba?"

"To in ɗauka a waya."

"Waya ta fi muni. Duk ɗumin za ta tsotse. Ka bari in samo makirfo na kirki mu ɗauka yadda ya kamata."

Ya yi dariya ya ce to, oga ya fi sani. Na ɗauki hoton maɓallan, na hana kowa taɓa injin, har matata na hana ta goge masa ƙura. Makirfon kuwa kullum sai mako mai zuwa. Farkon damina dattijo ya kwanta ciwo, kwana huɗu aka ce mini ya rasu.

Bayan haka duk Asabar nakan yaye zanen da na rufe tsohon injin da shi, in kunna, in jira ya ɗumama, in danna. Sarewar tana nan. Ko a lokacin ma ban ɗauka a waya ba, ina nan ina jiran ranar da zan yi abin yadda ya kamata. Rannan aka dawo da wuta da ƙarfi ina tsakiyar kiɗa, na ji ƙauri, injin ya yi shiru.

Na kai shi wurin wani mai gyara a Utako, na ce abin da ya ƙone kawai zai canja. Da na koma ɗauka ya tare ni yana washe baki.

"Oga, na yi maka aiki! Kayan ciki duk ya tsufa, wasu har sun kumbura. Na canja su kaf, na yi masa setin kamar sabo."

"Ina waɗanda ka cire?"

"Na zubar mana. Me za ka yi da shi?"

Na so in shaƙe shi. Amma me zan ce, don me ka gyara abin da na kawo gyara?

A gida na buɗe hoton, na mayar da kowane maɓalli inda yake, na danna. Sauti ya fito tas, a miƙe, ba shaƙewa ba rawa. Ashe lalacewar tsofaffin kayan nan ce take ba sarewar numfashi. Na yi ta murɗawa har yatsuna suka yi ciwo. Na koma kan furen roban ma, na ƙasƙantar da kai na gwada, amma ba abin da zan kwatanta da shi sai abin da ya rage a kaina, shi ma kullum raguwa yake. Abin takaicin, yanzu in na rufe ido ba na iya bambance injinan biyu.

Bayan wata uku 'yarsa ta zo. Ma'aikaciyar jinya ce, ban taɓa ganinta ba sai a wurin ta'aziyya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ya sha ba su labarin cewa sarewar kakansu tana cikin injina. Ita ba ta riski kakan ba, tana so ta ji ko sau ɗaya.

Ya kamata in faɗa mata gaskiya. Maimakon haka na yaye zane na kunna, muka zauna jiran ya ɗumama. Na danna. Ta sunkuyar da kai tana sauraro, hawaye na ɗiga a kan jakarta.

"Kawu, haka yake?" ta ce.

"Haka yake," na ce.

Ta ciro wayarta ta ce ko zan yarda ta ɗauka, don ta kai wa mamansu da ƙannenta. Na ce ta ɗauka. Ta kara wayar a jikin lasifika, ni kuma na yi ta dannawa har ta ce ya isa.