Ranar da Aka Tuhumi Teburina

Ko zan manta da sunan kakana, ba zan manta da wata Asabar bayan la'asar ba, a kulob ɗinmu na Nassarawa, inda ni Garba nake kula da teburin sunuka, wasan tura ƙwallo rami da sanda. Ku sababbin zuwa, aikin shi ne share ƙyallen tebur da buroshi, a bi shi da dutsen guga, a jera ƙwallaye, a miƙa alli. Doka ɗaya ce mai tsauri: ma'aikaci ba ya ɗaukar sanda ya yi wasa.

Akwai wani mamba, Alhaji Sabo, tsohon darakta, da ya ƙwallafa rai a kan bugun bango, wato ƙwallo ta daki robar gefen tebur, ta dawo ta faɗa ramin ɗaya gefen. Amma Alhaji bugun faskare yake yi. In ya saki sanda, har a unguwar Giginyu tattabaru sai sun tashi. Ran nan ya kuskure sau bakwai a gaban abokansa, sai ya sa aka kira manaja.

"Teburin nan ya karkace. Garba ya kashe robar da guga. A nemo wanda ya san aiki."

Manaja ya dube ni irin duban da ake wa ragon layya. Na ga aikina yana sa takalmi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ara mini sanda minti ɗaya. In tebur ne, na tafi da ƙafata."

Manaja ya miƙo. Na shafa alli, na sunkuya har haɓata ta kusa taɓa sanda, na tura a hankali. Ƙwallo ta gaisa da bango, ta juyo, ta shige rami kamar mai komawa ɗakinta. Na maimaita sau uku.

Manaja ya ce, "Garba, a ina ka koyi wannan?"

"Gwajin roba nake yi kullum da safe, yallaɓai. Ba wasa ba ne, aiki ne."

Aka tuntsire da dariya, ban da Alhaji. Nan na gane in ya fita da kunya, gobe ma zai nemo mini wani laifin. Na matsa kusa, na rage murya.

"Alhaji, saitinka daidai ne, ƙarfin ne ya yi yawa. In an daki roba da ƙarfi, ƙwallo ba ta buɗewa, sai ta dawo a matse. Naɗe hannun rigar, ka sassauta riƙo, kada ka ɗago kai sai ta tafi."

Ya harare ni, amma ya naɗe. Ya tura. Ta faɗa.

Ya gyara hula, ya dubi manaja. "To, yanzu tebur ya daidaita. A bar Garba a wurinsa."

Na ce, "Godiya nake, Alhaji, da ka gyara mana shi."

Ga abin da na koya: a wannan aiki, iya jefa ƙwallo rabin sana'a ne. Ɗaya rabin shi ne ka bar babban mutum ya jefa ta ƙarshe.